Na'urar auna gishirin ƙasa: yadda na same ta a gonar auduga

Shekara uku ina kallon farin ɓawo yana fitowa a doron kunya. Waken da nake sakawa tsakanin layukan auduga ya yi ta ƙonewa, audugar kuma tana tsaye. Na ɗauka yunwa ce, sai in ƙara taki. Ashe ciwo nake ƙara wa ƙasar, domin takin zamani shi ma gishiri ne.

Bana na sayi 'yar na'urar nan mai kamar alƙalami. Aiki da ita ba wuya: awo 1 na busasshiyar ƙasa, awo 5 na ruwa mai tsabta, a girgiza, a bari ya kwanta, a tsoma bakinta. Na bi gonar lungu-lungu, kuma abin da na gani ya canza mini tsarin shuka. Gishirin ba ko'ina yake ɗaya ba, ya fi taruwa a ƙasa-ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Auduga na jure gishiri har kusan maki 7.7 kafin amfaninta ya fara raguwa, wake kuwa daga 4.9 yake fara ja da baya, gyaɗa ma tun daga 3.2. Saboda haka na bar wa auduga gefen mai gishiri ita kaɗai, na kai waken inda awon ya yi sauƙi. Na koma shuka a kafaɗar kunya, tunda a doro gishirin ke taruwa in ruwa ya bushe. Yuriya na raba ta kashi uku ina turbuɗewa nesa da gindi, na kuma ƙara takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Da na tumɓuke wake na ga saiwarsa cike da ƙulle-ƙullen nan masu tara sinadarin nitirojin, wallahi na ji daɗi.

Sai dai takardar da ke cikin kwalin ta gaza. Ba ta faɗi cewa makin da awon 1 da 5 ke bayarwa ya yi ƙasa sosai da wanda ɗakin gwaji ke amfani da shi ba, alhali makin juriyar auduga, wake da gyaɗa da na ambata na ɗakin gwaji ne. Da malamin gona bai ankarar da ni ba, da na yi zaton gonata lafiya lau take. Kuma na'urar ba ta bambance gishiri da kanwa, don haka kafin ka sayi jibsam, wato garin da ake gyara ƙasa mai kanwa da shi, sai ka kai ƙasa ɗakin gwaji. Ruwan daidaita awon na'urar ma sai da na saya daban.

Zan ci gaba da aiki da ita, musamman wajen gwada ruwan rijiya kafin ban ruwa.