Esi ko taga da fanka: wanne ya dace da ajin yara a Gusau?

Hajiya, kin ce za ki ƙara ajujuwa uku a makarantarki, kina tambaya ko ki toshe tagogi ki sa esi, ko ki bar su a buɗe ki rataya fanka. Na koyar a irin duka biyun, ga abin da na gani.

Esi yana sanyaya ɗaki, babu musu, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Sai dai irin wanda ake maƙalawa a bango ba ya shigo da iskar waje, ta cikin ɗakin yake juyawa. Yara hamsin a rufe, kafin ƙarfe goma sha ɗaya hamma ta fara zagayawa, wannan ya kifa kai a tebur, wancan yana kukan ciwon kai. Iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ce, wato carbon dioxide, ta taru. A waje ba ta wuce kusan 420 cikin miliyan, a aji ana so kada ta haura 1000, amma rufaffen aji mai cunkoso kan tsallake wannan tun darasin farko. In aka ɗauke wuta kuwa, ɗaki ya koma tanda. Ga kuɗin man janareta.

Taga ita ma sai an iya mata. A yi su manya a bango biyu masu kallon juna, kudu da arewa, iska ta shiga nan ta fita can, ranar safe da ta yamma ba ta doke su kai tsaye ba. A sa silin ƙarƙashin kwano, a bar ƙananan kafofi can sama, tunda iska mai zafi sama take yi. A dasa darbejiya ta yamma.

Aibin taga ƙurar hunturu. A ɗan rufe tagogin arewa da safe, a yayyafa ruwa kafin shara, amma kada a rufe ruf. Ba mu manta sanƙarau na 2017 a Zamfara ba, kuma cunkoso a ɗaki marar iska yana cikin abin da ke yaɗa shi. Wannan ya fi damuna a kan zufa.

In ni ce, Hajiya, esi ɗaya zan saya, na ɗakin kwamfuta. Sauran kuɗin su tafi ga silin, tagogi da fanka mai aiki da sola.