Hattara da masu tallan kayan wayarin na jirgin ruwa

Jama'a, musamman 'yan uwa masu jiragen haya da masu gyaran wuta tsakanin Apapa, Ebute Ero da Ikorodu a Legas, a yi hattara. Akwai wasu da ke zagaya tashoshin ruwa da jaka, suna kuma talla a WhatsApp, wai suna da wayar wuta, da kawunan waya masu hana ruwa shiga, da filayar matse su, duk an sauko da su daga manyan jiragen waje. Samfurin da suke nunawa na gaske ne. Sai ka tura kafin alƙalami, a aiko maka da kwali cike da jabu, lambar kuma ta daina shiga.

Wayar ce babbar cutar. Ta jirgin ruwa ta ainihi silin jan ƙarfe ce da aka yi wa farin rufi saboda gishiri, in ka kankare ta da wuƙa ja zai fito. Tasu kuwa ja ce a waje, cikinta farin alminiyum. A ruwan Legas mai gishiri-gishiri ba ta jimawa take rubewa ta zama gari. Kan wayar ma a kai masa maganaɗisu. Jan ƙarfe ba ya kamawa, in ya kama to baƙin ƙarfe ne aka shafe.

Robar da ke rufe mahaɗa ta gaskiya tana da gam a ciki, in ta ji zafi sai ta tsuke, gam ɗin ya ɗan ɓullo ta baki. Tasu tsukewa kawai take yi, ruwa na bi ta ƙasa.

Filaya mai kyau ba ta sakin kan waya sai ta gama matsewa, kuma bakinta uku ne: ja na waya mai kaurin murabba'in milimita 0.5 zuwa 1.5, shuɗi 1.5 zuwa 2.5, rawaya 4 zuwa 6. Matse ɗaya a gaban mai sayarwa ka fizga da ƙarfi. In waya ta zare, miƙa masa kayansa.

Kada wani ya ce ai batir mai volt 12 ne kawai. Mahaɗa mai sako-sako zafi take yi, ga jarkar fetur a gefe, ga fasinja, famfon kwashe ruwa kuma ya tsaya ana tsakiyar tafiya.

A sayi kaya a shagon da za a iya komawa, a karɓi rasit, a gwada abin da ke cikin kwalin kafin kuɗi ya bar hannu.