Man gyaɗan da na sayo a Bomo

Ni fa na daɗe ina jin ana cewa man gyaɗan ƙauye daban ne, ina ɗauka surutun mutane ne kawai, sai da maƙwabciyata ta ja ni Bomo wurin wata baiwar Allah da ke matsa a gida. Daga Samarun Zariya ba wani nisa. Mun shiga muka tarar ana tsaka da aiki, gyaɗar ma mijinta ne ya noma bana, ta ce irin nan ne na IAR, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, mai suna SAMNUT 24, mai saurin nuna. Yara sun soya sun murje ɓawon an kai inji an niƙo, ita kuma tana gaban turmi tana juya ƙullin tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har man ya fara tasowa sama. Kai aikin nan ba wasa ba ne wallahi, na karɓa in gwada ko minti biyu ban yi ba na miƙa mata abinta, kishiyarta sai dariya take min.

Na sayi kwalba uku da ƙuli-ƙuli. Man dai babu magana. Ranar shinkafa da wake na dafa da mai da yaji, ƙamshi har zaure, maigida ko tambayar miya bai yi ba, shi da kullum sai ya ce ina miya. In kin ɗora a wuta zai yi kumfa da farko, kar ki tsorata, ki bari ya yi zafi sosai ki jefa albasa zai kwanta. Ya ɗan fi na kanti tsada amma ba ya shan kuɗi tunda kaɗan ake zubawa.

Abin da bai min ba shi ne gora, ɗaya tsohuwar gorar lemo ce kuma ba a bari ta bushe ba, sati biyu man ya canza wari dole na ƙarar da shi a suyar ƙosai. Ƙuli-ƙulin kuwa kamar tsakuwa. Da na koma na ce Inna wannan ai sai mai haƙoran saurayi, ta ce 'yar nan na dakawa ne ba na tauna ba. Haka ne kuwa, na daka na yi kwaɗon zogale ya yi daɗi sosai.

In za ki je ki tafi da kwalbarki busasshiya, kuma da safe, kafin azahar masu saro sun kwashe.