Ƙara gaz ko canza kwamfuresa? Amsa ga mai Hilux da kilim ya gaza

Alhaji, ga yadda na fahimci tambayarka. Hilux ɗinka mai shan gazwal ce. Kilim yana sanyi idan ka miƙe hanyar Tanut ko Mirya, amma da ka shigo gari ka tsaya a cunkoson Kasuwar Dole sai iska mai ɗumi ta fara fitowa. Makanike ɗaya ya ce a ƙara gaz, wani ya ce kwamfuresa, wato famfon da ke zagayawa da gaz ɗin kilim, ta gaji, a sayo wata. Ka kuma ce shofaj bai ɗumama motar ba a hunturun da ya wuce, kana son sanin ko ciwon ɗaya ne.

Ƙarin gaz shi ne mai araha, shi ya sa kowa ke fara rugawa wurinsa. Amma gaz ɗin kilim ba ya ƙonewa kamar gazwal, zagayawa kawai yake yi a cikin rufaffen tiyo. Idan ya ragu sosai, to akwai inda yake zurarewa, kuma ƙara shi ba tare da toshe wurin ba zuba ruwa ne a tsagaggen tulu. Mota mai ƙarancin gaz tana da alamunta: sanyin ba shi da ƙarfi ko a tsaye ko a guje, sannan in ka buɗe murfin inji za ka ji kwamfuresa tana kamawa tana saki kusa da kusa, ƙas, ƙas. In gaz ya yi ƙasa da yawa ma ba za ta kama ba sam, domin akwai makunnin da ke yanke mata wuta don kada ta juya babu mai. A nan ƙurar Damagaram tana yi mana rana. Gaz yana yawo ne tare da man kwamfuresa, saboda haka duk mahaɗar tiyon da ke yoyo za ka tarar ƙura ta manne mata ta yi baƙi, da maiƙo in ka shafa yatsa. A zuba ruwan sabulu a wurin, kumfa zai tashi.

Ƙarin gaz ɗin ma iri biyu ne. Mai aikin kirki zai nemo yoyon, ya canza robar mahaɗa, ya jona famfon zuƙe iska na kamar rabin awa domin danshi ya fita, sannan ya ɗura gaz bisa sikeli. Akwai ƴar takarda manne a ƙarƙashin murfin inji, an rubuta irin gaz ɗin da yawan giram ɗin da motar ke ɗauka. Ɗayan kuwa zai jona tukunya ya yi ta ɗurawa yana taɓa tiyo da hannu har sai ya ji sanyi. Gaz ɗin da ya wuce kima yana ɗaga matsi, kuma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da muke haura digiri 40, kilim ɗin yankewa zai riƙa yi. Ka tabbata kuma R134a aka sa maka, shi ne na yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990. Sababbin ƙananan motocin Turai daga 2017 suna zuwa da R1234yf, ba a haɗa su. Gaz ɗin kilim na ɗaki, R22, ko na firji mai kamawa da wuta, kada ka bari ya shiga motarka ko da kyauta ne.

Canza kwamfuresa kuwa aiki ne mai cin aljihu, don haka sai da hujja. Hujjar tana kan agogon awon matsin gaz mai allura biyu. Idan kwamfuresa tana juyawa, gaz cike yake, amma allurar ɓangaren matsi mai yawa ta ƙi hawa, ta ƙaramin matsi ta ƙi sauka, har suka kusa daidaita, to cikinta ya cinye. Haka in tana gurnani, ko ta ƙage har bel yana ihu yana warin ƙuna. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun mutu, lafiyarsu ƙalau. Fiyus ne ya ƙone, ko rile, wato makunnin da ke ba ta wuta, ko kuma faifan gabanta mai kamawa da maganaɗisu ne ya daina kamawa, kuma shi ana gyara shi ko a canza shi kaɗai. Idan kuwa da gaske ta farfashe a ciki, ɓurɓushin ƙarfe ya riga ya bazu cikin tiyo. Sai an wanke layin, an canza matacin danshi da bawul ɗin da ke fesa gaz, galibi har da kondansa mai fitar da zafin gaz, a sa man da ya dace. In ba haka ba, sabuwar ko ta hannun da ka sayo daga Kano ba za ta ga damina ba.

Ni dai a ganina, abin da ka bayyana bai fi kama da ɗaya daga cikin biyun nan ba. Sanyi a guje, zafi a tsaye, yawanci maganar iska ce. Kondansa tana gaban lagireto, aikinta fitar da zafin da aka kwaso daga cikin mota. A kan hanya gudu ne ke hura mata iska, a tsaye kuwa fanka kaɗai ta dogara da ita. Ka leƙa tsakaninta da lagireto da tocila, motar da ke shiga ƙauyuka za ka tarar ƙaiƙayi da matattun fari da ƙura sun dunƙule a wurin. A wanke da ruwa mai sauƙi, domin injin wanki mai ƙarfi yana lanƙwasa siraran haƙarƙarinta. Sannan fankar Hilux mai gazwal bel ne ke juya ta ta hanyar wani kwano mai ɗauke da mai, in ya gaji fankar tana juyawa amma ba ta jan iska. A kashe inji bayan ya yi zafi, a tura fankar da hannu: in ta yi ta wulwulawa babu tirjiya, kwanon ya gama aiki. Gwaji mafi sauƙi shi ne a bar mota a tsaye, kilim a kunne, a yayyafa wa kondansa ruwa. In sanyi ya dawo nan take, ka bar maganar kwamfuresa tukuna. Gajiyayyiyar kwamfuresa ma takan yi rauni a tsaye, amma agogo zai raba gardama: ita matsinta ba ya hawa, na toshewar kondansa kuwa hawa yake yi fiye da kima.

Shofaj ba ruwansa da gaz ko kwamfuresa. Zafin ruwan inji yake ara, ta wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a gaban fasinja. Abin da na fi zargi shi ne an cire tamostat, al'adar garejojinmu ce da sunan maganin zafin inji. Shi ne ke tsare ruwa har ya kai wajen digiri 80, in babu shi inji ba ya ɗumama da sanyin asubar Janairu, ga ƙarin shan mai. Bayan ka yi tafiya, ka taɓa tiyo biyun da ke shiga jikin mota daga bayan inji. In duka biyun ba zafi, tamostat ne ko ruwa ya yi ƙasa. In ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe, yawanci saboda ruwan rijiya da ake zubawa maimakon ruwan inji na gora. In duka da zafi amma ciki babu ɗumi, ƙofar da ke karkata iska ce ta maƙale. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.

Abin da kilim da shofaj suka haɗa shi ne fankar ciki da matacin iskar da ke bayan akwatin gaban fasinja. Ba ka ce ƙarfin iskar ya ragu ba, amma ka zaro matacin ka duba, bayan hazon bana ba mamaki ya cika. In an jona agogon, ka rubuto mini abin da allurai biyun suka nuna mota tana tsaye da rana tsaka.