GARGAƊI: ku yi hattara da mai sayar da "cikakken setin samame" na ƙananan sojoji

Salam 'yan uwa masu wasan yaƙi a kan tebur. Dan Allah duk wanda ke shirin sayen ƙananan sojojin zamani, wato 'yan mutum-mutumin sojoji na wasa, ta intanet ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi, don ni an riga an cuce ni, kuma da na fara bincike na gano ba ni kaɗai ba ne.

Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na masu wannan wasa, ba zan kama suna ba don sunan ma canza shi yake kamar riga, amma salonsa ɗaya ne ko'ina. Tallar da yake yi ita ce yana da cikakken seti na samamen sojojin kundumbala, girman 28mm (kimanin tsayin kowane soja kenan), wato zaratan sojoji guda goma sha shida, 'yan bindigar da za su kare gida, fararen hula da waɗanda aka yi garkuwa da su, gidan katako na MDF mai hawa uku da katangarsa da rufin da ake ɗagewa a ga ɗakuna, da helikwafta Black Hawk guda biyu, duk an yi musu fenti an gama, kai dai ka shimfiɗa a tebur ka ɗauko dayis da tef ɗin awo ka fara wasa. Wanda ya taɓa zama ya yi wa soja ɗaya fenti, tun daga shafen farko har zuwa ɗige-ɗigen kakin sojan nan, ya san cewa samun irin wannan a gama a kuɗin da bai kai rabin na kamfani ba abu ne da zai ja hankalin kowa. Ni ma ya ja nawa, don na fi shekara ina son in shirya wa abokan wasana samamen Abbottabad na 2 ga Mayu 2011, wanda sojojin Amurka suka kai gidan Osama bin Laden a Pakistan, da dokokin wasa na faɗan dare, da jirgi ɗaya da ya faɗi a cikin gidan, a ga ko masu kai farmakin za su gama su fita kafin lokaci ya ƙure musu.

Hotunan da ya sa wallahi sun yi kyau. Daga baya da na saka su a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito, sai ga su a shafukan mutane daban-daban har uku, ɗaya na wani mai fenti ne da ya yi fostin ɗin aikinsa shekaru da suka wuce, ɗaya daga shafin wani kamfani, na ukun ma ba hoton kaya ba ne sam, zanen kwamfuta ne irin wanda masu sayar da fayil ɗin STL suke sawa don nuna yadda abun zai fito in an buga shi a firinta ta 3D. Minti biyu kacal wannan binciken ya ci, amma bayan kuɗina sun tafi na yi shi.

Akwai ma wata alama da ta wuce ni a lokacin. Yana da seti na biyu da ya kira na Mogadishu, wato faɗan 3 zuwa 4 ga Oktoba 1993 a babban birnin Somaliya da aka harbo Black Hawk biyu na Amurka. To sojojin da ke cikin hoton suna sanye da madubin ganin dare mai ido huɗu, kayan da sai shekaru da yawa bayan nan suka fito. Duk wanda ya karanta tarihin ranar ya san da rana aka fara aikin, kuma da yawa daga cikin sojojin Ranger na Amurka sun bar madubin daren nasu a sansani saboda sun ɗauka cikin sa'a guda za a gama. Mai sayarwa na gaskiya da yake son wasan nan ba zai haɗa 1993 da kayan 2011 ba, wannan mutumin hoto ɗaya ya raba biyu ya laƙaba wa kowanne suna.

Yanzu ga inda damfarar take, kuma nan nake so ku fi kula. Da muka daidaita sai ya ce in biya ta PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, amma in zaɓi layin tura wa 'yan uwa da abokai, wai don kar a cire masa kamasho, in na yarda zai ƙara mini motar soja ɗaya kyauta. Na ƙi, na ce sai dai ta layin sayen kaya, don shi ne yake da kariyar mai saye, wancan layin kuwa in ka tura ya tafi kenan, a wurinsu kyauta ka ba ɗan uwanka. Bai yi musu ba ko kaɗan, ya ce ba komai ɗan uwa, yadda hankalinka zai kwanta. Wannan saurin yardar ita ta sa na saki jiki da shi. Ashe yana da wata hanyar.

Hanyar ita ce jan lokaci. A PayPal kwana 180 kake da su daga ranar da ka biya ka shigar da ƙorafin cewa kaya bai zo ba, in sun wuce shikenan. Shi kuma tun farko ya faɗa maka aikin hannu ne, fenti yana cin lokaci, ka ba shi wata biyu. Wata biyu suka cika ya ce firintarsa ta lalace yana jiran gyara, bayan nan ya ce rezin, wato ruwan robar da firintar ke buga sojoji da shi, ya yanke masa, sai rashin lafiyar ɗansa, sai kuma wai fentin gamawa ya yi fari-fari a jikin sojojin saboda danshi dole ya wanke ya sake, kuma abun haushin duk waɗannan abubuwa ne da suke faruwa da gaske ga masu wannan sana'a shi ya sa kake jin kunyar matsa masa, ga shi kullum yana amsa saƙo da ladabi yana turo hoton soja ɗaya ko biyu a kan teburin aiki wanda yanzu na san su ma na wani ne.

A wata na biyar haƙurina ya ƙare na buɗe ƙorafi. Cikin awa ɗaya ya turo saƙo yana roƙo, wai an riƙe masa kuɗi a akawun ba zai iya biyan kuɗin aikawa ba, in rufe ƙorafin gobe-gobe kaya zai taso. Jama'a kar ku taɓa yin wannan. Ƙorafin da ka rufe da hannunka ba a sake buɗe shi. Kuma ko ba ka rufe ba, kwana 20 kake da su ka ɗaga shi zuwa matakin da kamfanin zai shiga ya yanke hukunci, in ka yi shiru da kansa zai rufe. Ni na rufe nawa saboda ya turo lambar bin sawun kaya kuma na duba na ga tana motsi.

Kunshi ya zo kuwa, ɗan ƙarami. Babu gida, babu katanga, babu fararen hula. Sojoji tara ne ba fenti, kuma kallo ɗaya za ka san kwafin sata ne, wato an ɗauki sojan kamfani an yi sabon mazubi da shi an sake zubawa. Layin mazubi biyu ne a jikinsu maimakon ɗaya, fuska ta shafe, aljihunan rigar sulke sun haɗe sun zama dunƙule, bakin bindigogi duk ramukan iska wasu ma sun karye, kuma da na jera su da sojojina na asali sun ɗan fi su ƙanƙanta, don duk kwafin da aka yi daga kwafi sai ya tsuke. Uku daga ciki kuwa ba zubin mazubi ba ne, bugun firinta ne da ba a gasa su sosai a hasken UV mai busar da rezin ba, suna danƙo suna wari, kuma irin wannan rezin da bai bushe ba yana iya sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, kar ku taɓa shi ba safar hannu, kar kuma yara su kusance shi. Helikwaftan ɗaya ne, na roba, girman 1/72, wato kashi ɗaya cikin 72 na tsawon jirgin gaske. Gangar jikin Black Hawk ta ɗan haura mita 15, a ma'aunin 1/56 da ya dace da sojan 28mm ya kamata ya kai wajen santimita 27, wannan kuwa wajen 21 ne, na sojojin 20mm ne, in ka tsayar da soja a gefensa kansa ya kusa taɓa farfela.

Da na yi masa magana sai ya ce wannan kashin farko ne sauran na hanya. Kwana biyu bayan cikar kwana 180 ya yi bulokin ɗina, shafin ya ɓace. Na je wajen masu katina na banki, su ma wa'adin maido da kuɗi nasu, wanda yawanci kwana 120 ne, ya daɗe da wucewa.

Da na ba da labarin sai mutum huɗu suka biyo ni ta saƙo. Biyu ta layin abokai suka biya, su ko ambulan ba su gani ba. Ɗaya lambar bin sawun ta nuna an kai kaya, alhali wani adireshi daban aka kai wa ambulan fanko a yankinsu. Ɗaya kuma kuɗin "oda tun kafin a fito da kaya" ya biya don setin ofishin jakadancin Iran a Landan, samamen da SAS, zaratan sojojin Birtaniya, suka kai a 5 ga Mayu 1980, wanda har yau ko hoton gaske babu. Abun da ya fi ƙona mini rai shi ne biyu daga cikinsu sabbin shiga ne, wannan ne sayensu na farko, ɗayan ya ce shi ya haƙura da wasan gaba ɗaya. Mu da ma ba mu da yawa. Ga kuma masu sassaƙa waɗannan sojoji, yawancinsu ƙananan kamfanoni ne na mutum ɗaya ko biyu, wani ya kwashe makonni yana fitar da igiyar bindiga da ɗamarar harsashi, wani can ya kwafe a wuni ɗaya ya sayar.

Don haka in za ku saya hannun mutum, ku ce ya ɗauki hoton kayan gaba ɗaya da takarda a gefe mai ɗauke da sunansa da kwanan watan ranar da hannu, ya kuma ajiye rula kusa da soja ɗaya. Ku tambaye shi wane kamfani ya yi su, ƙarfe ne ko rezin, in bugun firinta ne yana da lasisin sayarwa daga mai fayil ɗin? Mai gaskiya nan take zai amsa, har da ƙarin bayanin da ba ka nema ba. Ku rubuta ranar da kuka biya, ku sa wa wayarku tuni tun kafin wa'adi, kuma ku riƙa ɗaukar sikirinshot na tallar da duk hirarku don yana goge su.

Yanzu haka ya dawo da sabon suna, amma hoton gidan mai hawa uku da jirgin da ya faɗi a jikin katanga shi ne dai, ko juya shi bai yi ba. In kun ci karo da shi ku kai rahoto wurin admin na guruf ɗin, in kuma kun riga kun biya kuma kwana 180 ba su cika ba, ku buɗe ƙorafi yau, ku ɗaga shi kafin kwana 20, kome zai ce muku kar ku rufe.