Standing Ovation: ciyawar ado da ba ta son gata

Ƙorafin da masu lambu a Amurka suka fi yi a kan ciyawar little bluestem ɗaya ne: da ta samu ƙasa mai taki sai ta miƙe, ta yi laushi, ta kwanta. Gidan renon shuka na North Creek Nurseries da ke jihar Pennsylvania ya fitar da irin da ake kira Standing Ovation domin maganin wannan matsala, kuma ya yi ƙoƙari. Karanta ya fi na sauran kauri, tana kai kusan mita ɗaya, tana nan a tsaye har bayan iska da ruwan sama. Ganyen shuɗi-shuɗi ne lokacin zafi, daga Satumba ya juye ja da ruwan goro, sannan farin gashin iri ya fito a kan kara.

Little bluestem asalinta ciyawar filayen tsakiyar ƙasar Amurka ce, jihohin Kansas da Nebraska ma sun ɗauke ta a matsayin ciyawar jiha. Dangin gamba ce ta nesa, wanda ya san tushen gamba zai gane tsarin tsirowarta, sai dai ba ta kai gamba tsawo ba.

Ana sayar da ita a tukunya ko a ƙananan dashe. Ƙananan sun fi araha in fili babba ne, amma sai an yi haƙuri, domin shekarar farko saiwa take yi, sai wajen shekara ta uku take cika ido. A yanayin Amurka, a dasa a watan Mayu ko Yuni, bayan ƙasa ta ɗumama. A bar tazarar santimita 45 tsakanin tushe da tushe, kuma kada a binne wuyan shukar ya wuce yadda yake a tukunya. Tana bukatar rana ta awa shida ko fiye a yini. A shayar da ita sau ɗaya a mako a shekarar farko, daga nan a ƙyale ta, saiwarta na iya nutsawa fiye da mita ɗaya.

Yawancin masu cewa irin bai yi musu ba, su suka kashe shi da kulawa. Taki, yawan ban ruwa da inuwa, kowanne yana sa ko wannan irin ya kwanta. Tara ɓawon itace a gindinta yana riƙe danshi, wuyan ya ruɓe, haka ma ƙasar laka da ruwa ke kwanciya a kai lokacin hunturu. Dashen da aka makara aka yi dab da sanyi kuwa, daskarewar ƙasa kan turo shi waje tun saiwa ba ta kama ba.

Tana da nata aibin. Ba ta farkawa da wuri, a watan Afrilu wurin yakan zama kamar ta mutu, sai mai gaggawa ya tuge ta. Kuma irin da ta zubar ba lallai ya fito da siffar uwar ba.

Kada a yanke ta da kaka. Tsuntsaye na cin irin lokacin sanyi. A jira farkon Maris, kafin sabon toho, a yanke a bar santimita 10. Mai busasshiyar ƙasa mai tsakuwa da rana sosai zai ci riba da ita. Mai inuwa ko fadama ya nemi wata ciyawar.