Kafin a fara maganin bugun zuciya da ya rikice: yadda ake gwaji a Ingila da Amurka

'Yan uwa, gaisuwa mai yawa. Saƙon da ya fi zuwa wa mutanenmu mazauna waje shi ne hoton kwalin magani da cewa "a taimaka a aiko". Idan maganin na daidaita bugun zuciya ne, a dakata tukuna. Ba tsadar ƙwayar ko ƙasar da aka yi ta ne ke kare mara lafiya ba, gwajin da aka yi kafin a haɗiye ta ne. Waɗannan magunguna suna iya haifar da rikicewar bugun da ta fi wadda ake son gyarawa muni. Zan rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali domin a gane su.

Gwaji na farko a ko'ina shi ne ECG, wato zanen lantarkin zuciya a takarda. Ana manna wayoyi 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, cikin minti biyar an gama. Tabbatar da irin ciwon rabin aikin ne kawai. Likita yana auna tsawon QRS, wato lokacin da lantarki ke ɗauka ya ratsa manyan ɗakunan zuciya, wanda bai kamata ya kai milisakan 120 ba, da kuma QTc, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta sake shiri bayan kowane bugu. Ga namiji ana so ya tsaya ƙasa da 450, ga mace ƙasa da 460. Da ya haura 500 an shiga haɗari. Wannan takardar farko ita ce ma'aunin da za a riƙa gwada duk na baya da shi, don haka a adana ta, a kuma ɗauki hotonta a waya, domin takardar injin tana dusashewa. A jikinta ne ake gano wata ƙarin hanyar lantarki da ake haifar wasu da ita, WPW, wadda mai ita digoxin ko verapamil na iya jefa shi cikin bala'i.

Matsalar ita ce ciwon yakan ɓuya ranar asibiti. Sai a ɗaura wa mutum Holter, ƙaramar na'urar ECG, na awa 24 ko 48 ya tafi gida da shi. Idan abin jefi-jefi yake zuwa, akwai ɗan faci da ake mannawa a ƙirji har kwana 14, ana wanka da shi. A Amurka an fi saurin ba da facin, muddin inshora ta amince. A Ingila ba za a caje ka ko kwabo ba a asibitin gwamnati, amma za ka bi layi: likitan unguwa ya tura ka, wasiƙa ta zo, ka jira. Ƙa'idarsu ita ce a yi gwaji cikin mako shida, sai dai ba kullum ake cika ta ba.

Na biyu shi ne eko, hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, irin na'urar duba juna biyu. A nan ake yanke hukuncin da ya fi kowanne nauyi. Ana duba ƙarfin turo jini: lafiyayyar zuciya na fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na jinin da ke ɗakinta na hagu a kowane bugu, idan ya sauka zuwa 40 ko ƙasa an ce ta yi rauni. Ana duba kaurin bango da ƙofofin zuciya. Mai raunin zuciya ba a ba shi flecainide ko propafenone, ba a ba shi dronedarone, har verapamil da diltiazem ma ana kauce musu. Wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya shi ma flecainide ba nasa ba ne. Dalilin ya samo asali daga wani bincike a Amurka mai suna CAST, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1989: maganin ya gyara bugun a kan takarda, amma waɗanda suka sha bayan toshewar jijiyar zuciya sun fi waɗanda ba su sha ba mutuwa. Shi ya sa mai ciwon ƙirji ko ciwon suga ko yawan shekaru akan fara sa shi tafiya a kan injin gudu, ko a yi masa hoton CT na jijiyoyin zuciya.

Eko yana da wani amfanin da ya shafe mu ƙwarai. Idan ƙofar hagu ta tsuke sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ya taɓa zuciya, maganin tsinka jinin da ya dace shi ne warfarin, ba sababbin nan irin su rivaroxaban ba, komai kyawun kwalinsu.

Sai jini. Fotashiyam da magniziyam, sinadarai ne da ke cikin jini, dole a gyara su kafin a fara. Ana so fotashiyam ya kai 4.0, kuma mai shan maganin sa fitsari ko mai gudawa shi ya fi samun ƙarancinsa. Ana gwada tayroid, halittar nan ta gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, domin idan ita ce ke aiki fiye da kima, ita za a yi wa magani, bugun na iya komawa daidai da kansa. Ana gwada ƙoda, saboda sotalol da dofetilide da digoxin ta fitsari suke fita. Ƙodar da ta gaza takan bar maganin ya taru, idan sotalol ne ko dofetilide QTc ya yi ta tsawo, sai mutum ya yanke jiki ya faɗi ba gargaɗi.

A nan ƙasashen biyu suka sha bamban. A Amurka akwai dofetilide, mai sunan kasuwa Tikosyn, kuma ba a fara shi sai an kwantar da mutum kwana uku da na'ura a jikinsa, ana yin ECG awa biyu zuwa uku bayan kowace ƙwaya, ana rage adadin idan QTc ya miƙe. Sotalol ma sau da yawa haka suke yi masa. A Ingila ba a amfani da dofetilide, sotalol kuma galibi daga gida ake fara shi da ƙaramin adadi, a dawo a sake ECG. Tsarin Amurka ya fi sa ido, amma kuɗin gado na kwana uku ba wasa ba ne ga wanda inshorarsa ba ta da ƙarfi.

Amiodarone shi ne wanda mai raunin zuciya ke iya sha, shi ne kuma ya fi bin sauran gaɓoɓi da ɓarna. Kafin a fara: tayroid, hanta, fotashiyam, ECG da hoton ƙirji, a Amurka sukan ƙara gwajin numfashi. A Ingila likitan zuciya ne ke fara shi, miligiram 200 sau uku a rana na mako ɗaya, sau biyu na mako ɗaya, sannan sau ɗaya, daga baya likitan unguwa ya karɓi aikin gwada tayroid da hanta duk wata shida. Kowace ƙwaya ta 200 tana ɗauke da aidin kimanin miligiram 75, abin da ke rikita tayroid ke nan. Yana daɗewa a jiki watanni bayan an daina. Yana ƙara ƙarfin warfarin, yana kuma sa a rage digoxin da rabi. Busasshen tari ko haki da ya ɓullo bayan an fara shi, a koma asibiti, kada a ce mura ce.

Akwai wani tarko da mutane ba sa hange. Idan zuciya ta wuce awa 48 cikin irin rikicewar da ake kira atrial fibrillation, jini na iya daskarewa a wani lungu nata, kuma ranar da magani ya mayar da bugun daidai, gudan jinin na iya tafiya ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka ana shan maganin tsinka jini mako uku kafin a gyara bugun, ko a zura na'urar eko ta maƙogwaro a leƙa lungun, sannan a ci gaba da sha aƙalla mako huɗu bayan nan. Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2024 ta rage wa'adin awa 48 ɗin zuwa awa 24.

Ranar ganin likita a tafi da kwalayen duk abin da ake sha, har da na gargajiya. Clarithromycin, erythromycin, ciprofloxacin, da wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su quinine da chloroquine duk suna tsawaita QTc, haɗa su da sotalol ko amiodarone ganganci ne. Wanda aka fara wa flecainide kuma za a sake masa ECG cikin mako ɗaya ko biyu. Idan QRS ya ƙaru da fiye da kashi 25 cikin ɗari a kan na takardar farko, ana rage adadin ko a tsayar da shi, kuma akan haɗa masa da bisoprolol ko makamancinsa domin kada bugun ya zarce da gudu.